Dokar Parsaloi

A rumfar shayin direbobi da ke bakin ƙofar gandun dajin Mara akwai wata ƙusa a jikin ginshiƙin tsakiya. A kanta an rataye kan oba-oba, wato abin maganar rediyon mota, baƙi, da guntun igiyarsa a yanke. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wurin. Ƙura ta rufe shi, gizo ya yi masa saƙa, amma ko mai shara ba ta kai masa tsintsiya. Duk sabon direba, tun bai san hanyar mashayar giwaye ba, sai an nuna masa ƙusar nan.

Parsaloi ne ya rataye shi.

Tsoho ne dogo, busasshe, kunnuwansa a huje tun yana bin shanun ubansa. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar baƙi a jif yana kai su kallon namun daji. Bai taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Ƙasa yake karantawa. Zai dubi sawu ya ce maka zakanya ce, ta ƙoshi, da asuba ta wuce, kuma tana ɗingishi. Ka je ka tarar haka ne. Ba ya yi wa baƙo fara'ar neman yabo. In ya ɗaga hannu a yi shiru, ko wane ne a motar sai ya yi shiru.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba hukuma ce ta rubuta ta ba. In damisa ta haihu, duk wanda ya ga makwancinta ya haɗiye abinsa. Ba a faɗa a oba-oba sai 'ya'yan sun iya hawa bishiya. Dalilin a fili yake. Mota ɗaya in ta yi kira, goma za su zo. Kurayen Mara kuwa sun daɗe da gane cewa inda motoci suka taru akwai nama. Ƙurar motoci suke bi yadda ƙuda ke bin mahauci. Wanda ya karya dokar, a yanke masa igiyar oba-oba, ya yi wata uku yana tuƙi kurma, ba ya jin inda zaki yake, ba ya jin inda giwa take.

Mutum ɗaya aka taɓa yankewa, wani Gachanja. Lokacin sabon zuwa ne daga ƙasar manoma, bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Ya ga damisa da 'ya'ya, murna ta kwashe shi, ya yi shela. Allah ya kiyaye, 'ya'yan ba su mutu ba. Duk da haka da yamma Parsaloi ya shiga motarsa ba sallama, ya zare wuƙar ɗamararsa, ya datse igiyar a gaban kowa, ya rataye kan a ƙusa. Gachanja ya yi wata ukunsa. Yanzu ya yi furfura a gemu, ya ajiye tumbi, kuma duk rumfar ba mai bakinsa.

Kwana tara kafin ranar da nake ba da labari, Parsaloi ya ga makwancin Tsagaggiya. Haka direbobi ke kiran wata damisa saboda kunnenta na dama da bika ya tsaga. Ya san uwarta, ya san kakarta. A wani kwari ta haihu, cikin tsagar dutse, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar hantsar giwa. 'Ya'ya biyu, idonsu bai gama buɗewa ba. Mutum ɗaya ya gaya wa, Nalangu, 'yar ƙanensa, wadda ke cikin masu gadin gandun. Da suka haɗu ta cire hular kakinta, ta sunkuyar da kai, ya ɗora mata tafin hannunsa yadda babba ke gaida ɗiya, sannan ya faɗa mata.

"Daga ni sai kai ke nan, Baffa," in ji ta.

"Ni za ki koya wa?" in ji shi.

Amma akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Yanar ido ta fara hawa idonsa na hagu. Abin da ke kusa yana ganinsa sarai. Na nesa kuwa kamar an watsa masa nono. Ranar Lahadi ya tsaida mota, ya ɗaga hannu, ya nuna wa baƙinsa zaki kwance a ciyawa. Suka jira, suka jira. Zakin bai motsa ba. Ashe suri ne.

Labarin ya riga shi isa rumfa.

"Ku matsa, ku matsa!" in ji Gachanja ranar Alhamis da sassafe, yana tsoma capati, gurasar can, a shayi. "Ga sarkin sawu nan ya iso. Mzee, dattijonmu, yaya zakinka? An ce har yau bai tashi ba. Ko gara ce ta riƙe masa ƙafa?"

Rumfa ta ɗauki dariya.

"Ci dankalinka, ɗan manoma," in ji Parsaloi. "Ranar da na fara bin sawun zaki, a goye kake a gonar shayi kana zubar da majina."

"Gaskiyarka, Mzee. Shi ya sa zakin ya tsufa har ya koma ƙasa."

Wasa ne irin na kullum. Da can in an ba Parsaloi ɗaya sai ya rama biyu. Yau kuwa ba haka ba. Ya ajiye kofi, ya shaƙi tabarsa, ya fita.

Baƙinsa biyu ne, mata da miji daga birnin Kisumu. Mama Akelo tsohuwar shugabar makaranta ce, mai tabarau da shuɗin ɗankwali, ba ta da yawan magana. Mijinta Bwana Ochola ya zo da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya. Damisa yake so. 'Ya'yansu ne suka haɗa musu tafiyar, kuma yau ce ranar ƙarshe.

"Direba," in ji Ochola tun bai gama zama ba, "jiya na tambayi mai masauki ko akwai wani mai jini a jika. Ya ce wai kai ne gwanin gwanaye. To gwani, kwana uku ke nan jakin dawa muke kallo. Jaki ai akwai shi a Kisumu, fenti ne kawai babu."

"Baban Awino, zauna mana," in ji matar.

"Na zauna. Kwana uku ina zaune."

Suka shiga daji rana na ɓullowa. Raɓa na sheƙi a kan ciyawa. Garken ɓauna ya tsaya yana harararsu kamar kullum. Raƙuman dawa uku na cin kan ƙaya. Mama Akelo tana rubuta sunan kowace dabba a ɗan littafinta, har da gadun da ya ruga da wutsiya a tsaye ya ba ta dariya. Ochola bai ɗaga kyamara ba. Agogo yake dubawa.

Oba-oba na ta surutu a gefen sitiyari. Direbobi ba sa kiran dabba da sunanta a can, kada baƙo ya ji ya ɗora rai. Zaki mai gashin baki ne, giwa mai faifai ce, damisa mai ɗigo-ɗigo. Yau an ga mai gashin baki a wuri biyu. Mai ɗigo-ɗigo ba wanda ya gani.

Parsaloi ya san inda take. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Kamar mayunwacin da aka ba ajiyar tuwo yake ji. Ya zaga da su bakin kogi, suka ga dorina. Ya kai su inda zakuna ke barci, suka tarar da motoci tara a kansu.

"Wannan kam na gaske ne ko?" in ji Ochola. "In ɗauka, ko in jira gara ta fito?"

Ashe shi ma ya ji yadda ake yi da labarin a masauki. Jijiyar wuyan Parsaloi ta tashi. Ya ja mota. A ransa yana cewa dokar kira ta hana, ba ta hana kallo ba. Mota ɗaya, daga nesa, a kashe inji. Wa ya fi shi sanin yadda ake yi? Ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga ƙurar kowa ba. Ya bar babbar hanya, ya bi wata tsohuwar turba da ciyawa ta rufe, ya gangara kwarin a hankali. Ya tsaya a inuwar wata aduwa, ya kashe inji, ya ɗaga hannu.

Tana nan.

Kwance take a bakin tsagar dutsen, hantsi na dukan bayanta. 'Ya'yan biyu suna cukuikuye a cikinta, kowanne bai fi ɗan kyanwa ba. Ɗaya ya ƙoshi ya saki nono, yana ƙoƙarin hawa wutsiyarta yana faɗuwa. Ta ɗaga kai, ta dubi motar da rawayen idonta. Ta san motar. Ta san tsohon da ke ciki tun ita ma tana kamar waɗannan. Ta mayar da kai, ta ci gaba da lasar ɗanta.

Mama Akelo ta rufe littafinta. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ochola ya ɗaga taɓaryarsa.

"Kai," in ji shi a hankali. "Kai, Mzee. Na janye maganata."

Da a nan aka tsaya, da babu labari. Baƙo ya janye maganarsa, tsohuwa ta ga abin da za ta ba jikokinta labari. Saura a juya a tafi.

Sai oba-oba ta yi ƙara.

"Mzee Parsaloi, Mzee Parsaloi, kana ina?" Muryar Gachanja ce. "An neme ka an rasa. Wane surin kake gadi yau? Faɗa mana mu kawo baƙinmu, kada ya gudu."

Wani ya shigo da dariya. Wani ya ce a kai wa tsoho tabarau. Wani yaron direba da Parsaloi bai ma san muryarsa ba ya ce a bar shi, shekaru ne, kakansa ma haka ya yi kafin ya fara gaida turmi. Dariyar ta cika motar. Mama Akelo ta ji. Ochola ya ji.

Parsaloi bai san lokacin da hannunsa ya kai ba. Haka ya riƙa gaya wa kansa daga baya, amma ƙarya ce. Ya sani. Ya ɗauki kan oba-obar, ya danna, ya yi magana a natse, kalma bayan kalma, don kowa ya ji.

"Mai ɗigo-ɗigo. Da biyu a nono. Kwarin hantsar giwa. Zo ka ga suri, ɗan manoma."

Oba-oba ta yi tsit.

Daɗin bai kai ko numfashi uku ba.

"Mzee," in ji Gachanja, muryarsa ta canza, "abin naka na shuu, ban ji ka ba. Jama'a, ba wanda ya ji komai. Kowa ya tsaya inda yake."

Amma magana zarar bunu ce. Ba direbobin rumfa kaɗai ke kan oba-obar ba. Akwai na wasu masaukai, akwai waɗanda suka kwaso baƙi daga birni jiya, ba su san ƙusa ba, ba su san Parsaloi ba. Kafin a ce haka ƙura ta tashi daga arewa, ta tashi daga bakin kogi. Mota ta farko ta gangaro da gudu. Ta biyu ta wuce ta ta matsa kusa. Ta uku ta hau kan dutsen ta baya. Parsaloi ya ƙirga har goma sha bakwai, ya daina. Injuna na ruri, mutane sun miƙe ta rufin motoci suna nuni, wani na buga jikin ƙofa don damisar ta waiwayo ya ɗauki hoto.

Can a bakin turbar ya hango mota ɗaya a gicciye. Wani mai tumbi na tsaye a kan rufinta yana kaɗa hula, yana mayar da motoci baya. Ko da mugun idon ya gane shi. Gachanja ne. Bai shigo da baƙinsa ba. Ya tare hanya, sai dai masu zuwa suna ratsa ciyawa suna kewaye shi.

Tsagaggiya ta miƙe. Ta shafe kunnuwa, ta yage baki. Ta duba hagu, ƙarfe ne. Ta duba dama, ƙarfe ne. Ta tura ɗa ɗaya cikin tsagar da hancinta, ta ɗauki ɗayan a ƙeya, ta lallaɓa da cikinta a ƙasa, ta bi tsakanin tayoyi biyu ta shige ciyawa. Baki ɗaya gare ta. Ɗaya za ta kai, ta dawo ta ɗauki ɗaya. Rabin motocin suka tayar suka bi ta, suka shiga tsakaninta da dutsen.

"Direba," in ji Mama Akelo, "mene ne wancan?"

Ita ta fara gani, ba shi ba. Kuraye biyu ne a bayan mota ta ƙarshe, ƙugu a ƙasa, hanci a sama. Ba sa ko sauri.

Parsaloi ya murza makulli. Gabansa mota, bayansa mota, gefensa aduwa. Ya danna ham. Ya fitar da rabin jikinsa ta taga yana dukan ƙofa, yana irin ihun da yake yi yana yaro in kura ta zo garke. Ƙarar injuna ta haɗiye ihun. Babbar kurar ta je bakin tsagar, ta shinshina, ta cusa kai har wuya.

Kuka ɗaya aka ji, siriri. Shi ke nan.

Kyamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas. Ta Ochola ba ta yi ba. Ya sauke ta kan cinya, ya rufe bakinta da murfi.

Motocin sun fi saurin watsewa a kan zuwa. Da Nalangu ta iso a kan babur, bindiga rataye a bayanta, biyar suka rage, duk na rumfa. Ta sauka ta duba tsagar. Ta duba sawun tayoyi da suka mai da wurin kamar tasha. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo.

"Wa ya yi kira?"

Direbobi huɗu suka sami abin kallo a ƙasa.

"Ranki ya daɗe," in ji Gachanja, "oba-oba yau sai shuu take yi. Murya ce dai muka ji. Wataƙila cikin 'yan birnin nan ne."

"'Yan birni ne," in ji wani.

"Su ne. Ba su da tarbiyya."

Ta zo tagar Parsaloi. Ta cire hula ta sunkuyar da kai. Ya ɗaga hannu ya ɗora mata. Hannun ya yi masa nauyi kamar na aro.

"Baffa, kai ma kiran ka ji ka zo?"

Ya dubi sitiyari. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta jira. Da ta ga ba amsa, ta mayar da hularta, ta hau babur ta bi sawun damisar.

A hanyarsu ta komawa masauki Ochola ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ni dai ban ce a kira kowa ba." Suka isa. Ya sauka ya shige tantinsu. Mama Akelo ta tsaya a bakin ƙofar mota tana gyara ɗankwali.

"Mzee, shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa," in ji ta. "In aka fasa gilashin taga na ce wa ya yi, wanda ya yi ba ya ba ni tausayi. Abokansa da ke yi masa ƙarya su nake tausayi. Waɗancan yaran, da furfura a gemunsu, yau sun yi maka ƙarya. Kar ka bar su su kwana da ita."

Ba ta jira amsa ba.

An kawo wa Parsaloi tuwon masara da ganye, bai taɓa ba. Ya kai motar ƙarƙashin bishiya ya wanke ta, alhali ba ta yi dattin wanki ba. Ya zauna a ciki. Ya buɗe kwalbar taba ya rufe. Kukan nan siriri bai bar kunnensa ba. Ya tuna yadda Tsagaggiya ta dube shi ta mayar da kai, don ta san motar. An ce damisa ƙi sabo ce. Wannan ta saba, ga abin da sabon ya jawo mata. Ya tuna fuskar Gachanja shekara goma sha huɗu da suka wuce, yana tsaye riƙe da guntun igiya, ana kallonsa. A ranar Parsaloi ya ji daɗin kansa ƙwarai. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma ba a ɓoye ba, a gaban duk wanda ya taɓa tasa.

Da la'asar ya ja motar har bakin rumfa.

Ana hira, da ganinsa aka yi shiru. Wani ya tashi ya ba shi benci mai jingina. Wani ya miƙo shayi tun bai nema ba. Ba wanda ya ambaci suri. Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi. Gachanja ya ɗaga murya ya shiga labarin wata taya da ta fashe masa a bakin kogi shekaran jiya, labarin da kowa ya riga ya ji.

Parsaloi bai zauna ba. Ya zare wuƙar ɗamararsa, ya juya ta, ya miƙa wa Gachanja ƙotar.

"Tashi. Motata na waje."

"Me zan yi da wuƙa, Mzee? Capati ba ya son wuƙa."

"Ni na yi kira. Ba 'yan birni ba. Duk kun ji muryata, kun yi wa ɗiyata ƙarya. Tashi ka yanke."

Gachanja ya sa hannayensa a baya kamar wuƙar maciji ce.

"Haba Mzee. Ni na tsokane ka. Bakina ne ya jawo. In yanka ne a yanke harshena, matata ma ta huta."

Ba wanda ya yi dariya.

"Kai ka tsokana, ni na danna," in ji Parsaloi. "Tashi."

"Hannuna ba zai iya ba." Gachanja ya matso, ya rage murya, amma rumfar ƙarama ce. "Mzee, wata uku ba oba-oba, da wannan idon? Mun sani fa. Tun bara muka sani. Kana tsammanin me ya sa in na ga mai gashin baki nake faɗin wurin sau biyu, a hankali, kamar mai koya wa yaro baƙi? Don wa nake yi?"

Parsaloi ya dubi fuskokin da ke rumfar. Ba wanda ya yi mamaki. Ashe shekara guda ana ɗauke da shi yana tsammanin da ƙafarsa yake tafiya. Wannan ta fi ta safe zafi.

"Kai ma wata uku ka yi," in ji shi. "Kuma 'ya'yan taka damisar sun rayu."

Ya fita. Suna ji ya buɗe ƙofar mota. Ya dawo da kan oba-obar a hannu, igiyar na reto. Ya je ginshiƙin tsakiya, ya sauke na Gachanja, ya hure ƙurar, ya goge shi da gefen mayafinsa, ya ajiye masa a gaban kofinsa. Ya rataye nasa a ƙusar.

"Sabon direba in ya zo, wannan za ku nuna masa. Ku faɗa masa sunan mai shi."

Da ƙafa ya tafi ofishin masu gadi, tafiyar rabin awa. Ya tarar da Nalangu a waje tana cire ƙaya daga takalminta. Ta miƙe, ta kai hannu za ta cire hula.

"Bar ta," in ji shi. "Yau ba ni da hannun da zan ɗora miki. Ni na yi kira."

"Na sani, Baffa. Mu ma muna da oba-oba."

"Kin sani kika tambaye ni?"

"Na so in ji daga bakinka ne. Can."

Wani zabo na kuka a bayan ofishin.

"Tsagaggiya ta dawo," in ji Nalangu. "Bayan kun tafi. Sau uku tana zuwa bakin dutsen tana kira, ta leƙa, ta koma. Na huɗun ba ta zo ba."

"Ɗayan fa?"

"Yana raye. Na ga inda ta nufa da shi."

"Ina?"

Tambayar ta fita ne don sabo, yadda ya saba tambayar kowa komai a dajin nan a ba shi amsa. Nalangu ta dube shi. Ɗiyar da ya ɗauka a kafaɗa ya fara nuna wa sawun barewa. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ba zan faɗa maka ba, Baffa."

Ya gyaɗa kai.

"Daidai ne," in ji shi. Ya juya.

Washegari aka ba shi sababbin baƙi, wasu samari uku masu hayaniya. Motar shiru, inda oba-oba take sai guntun igiya. A wata mashigar rafi mai yashi ya rage gudu, ya leƙa ta taga. Abin da ke kusa yana ganinsa sarai. Sawun damisa ne, mace, na asuba. Ƙafafun gaba sun fi nutsewa, tana ɗauke da abu a baki. Ta sake sauya wuri ke nan, ta yi arewa, wajen wasu duwatsu da ya sani kamar tafin hannunsa.

Ya ja motar ya bi ta kan sawun. Ya dawo da baya ya sake bi. Ya yi haka har sau uku, sai da yashin ya zama ba abin karantawa, ko ga wanda ya fi shi ido.

"Baba, lafiya? Mun maƙale ne?" in ji ɗaya daga cikin samarin.

"A'a."

"To akwai damisa a nan kuwa?"

Parsaloi ya juya kan motar kudu.

"Akwai jakin dawa," in ji shi.